Kiɗan da Muka Yi a Tsohon Sito

Shekarar da na gama kwalejin horar da malamai aka tura ni wata firamare a gefen Bebeji, kusa da gida. Mutanen gidanmu suka yi ta murna, ni kuwa na ji kamar an mai da ni cikin rigar da ta yi mini kaɗan. Ban san abin da nake so ba, na dai san ba na iya zama wuri ɗaya. Da an tashi daga makaranta sai in hau keke in bi hanya, ba tare da na nufi ko'ina ba. Yau in tsinci kaina a Ƙofa, gobe a bakin ruwan Tiga ina kallon masunta. In na zauna a majalisa, kafin a gama gaisawa ƙafata ta fara rawa. Mahaifiyata ta sha ce mini in nemi aure ko Allah ya sa in natsu.

Wurin da nake ɗan daɗewa shi ne rumfar taubashina, ɗan kawuna, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya ɗan girme ni, kuma abokin wasana ne, don haka ba abin da ba ma faɗa wa juna. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe. Ko rediyo lafiyarta ƙalau sai ya kwance bayanta ya leƙa.

A lokacin akwai wani otal a bakin tafki inda manyan Kano suke zuwa hutawa Asabar da Lahadi. Wasu makaɗa 'yan kudu sun taɓa zama a can, da suka watse suka bar kayansu da suka lalace. Wani ma'aikacin wurin ya kwaso jita mai aiki da lantarki da wata ƙaramar fiyano ya kawo wa taubashina, wai ko zai ciri wani abu mai amfani a ciki. Maimakon ya cira, sai ya zauna ya tashe su. Ya haɗa lasifikar wata tsohuwar mota da batirin mota, ya yi musu akwati da katakon kwandon sabulu. Fiyanon wasu haƙoranta sun mutu, amma tana da maɓalli ɗaya da in ka danna sai ka ji kamar masu goge da yawa sun ja tare, da wani kuma da yake buga ganga shi kaɗai ba ya gajiya. In batiri ya fara sanyi, muryarta takan yi ƙasa ta riƙa jan jiki, kamar saniya tana neman ɗanta. Taubashina ya fi son wannan muryar a kan duk sauran.

Ni na ɗan koyi jita a kwaleji wurin wani abokin ɗakina, amma irin ta hannu. Ranar da na fara taɓa ta lantarkin, lasifikar ta yi wata ƙara da ta sa awakin kasuwa suka watse. Na ji ƙarar har cikin haƙorana, kuma tun dawowata gida ban ji abin da ya yi daidai da abin da yake cikin ƙirjina ba sai ita. Daga ranar kekena ya san inda za shi.

Muna cikin wannan hayaniya wata la'asar wani dattijo ya kawo rediyonsa gyara. Mutumin Ƙofa ne, tsohon soja, ya yi shekaru a ƙungiyar badujala kafin ya yi ritaya ya koma noma. Kowa Sajan yake ce masa. Dogo ne, siriri, yana tafiya a miƙe kamar har yanzu ana duba shi a fareti. Ya tsaya yana sauraronmu har muka tsargu muka daina. Na gaishe shi, ya amsa, sannan ya tambaye ni ko wani ne ya biyo mu. Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To gudun me kuke yi?" Ya karɓi rediyonsa ya tafi.

Ran kasuwa mai zuwa sai ga shi da wani dogon akwati ɗaure a bayan kekensa. Ya buɗe, ya fito da wani baƙin abin busa mai maɓallan azurfa, gunduwa-gunduwa, ya harhaɗa shi a natse. Kilanet yake ce masa. Da ya busa, rumfar ta yi tsit. Muryar ba irin ta algaita ba ce mai tsaga kunne. Ƙasa-ƙasa take, kamar mutum yana ba da labari ga wanda yake kusa da shi. Ya ce wa taubashina ya danna maɓallin gogen ya riƙe, kada ya saki, ni kuma in taɓa tsirkiya ɗaya tak duk sanda ya ɗaga gira. Haka muka fara, ba wanda ya ce an kafa ƙungiya.

Rumfar ta yi mana kaɗan, masu shaguna ma suka fara ƙorafi. Sai muka koma wani tsohon siton gyaɗa a bayan gari, wanda ba a amfani da shi sai jemagu. Rufin kwano ne mai tsayi, duk abin da ka buga sai ya je ya dawo maka ya ninku. Muna shiga bayan sallar la'asar, mu fito kafin magariba, don Sajan ba ya yarda kiran salla ya same shi da abin busa a baki. Ya kawo mana tsarin barikin soja: kowa da inda zai shiga da inda zai yi shiru, kuma shirun ma a wurinsa aiki ne. Ni shirun ne yake kashe ni. In ya ce in jira, yatsuna su riƙa ƙaiƙayi, sai in faɗo tun lokacina bai yi ba. Ya sauke kilanet ya dube ni kawai, a koma farko. Akwai ranar da na ajiye jitar na fita na zagaya siton da ƙafa, na dawo na same su suna ci gaba kamar ban taɓa kasancewa ba.

Magana ta fara yawo a gari cewa malamin makaranta ya zama maroƙi. Hedimasta ya kira ni ya yi mini nasiha mai tsawo a kan mutuncin alli. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, sai dai ta tambaye ni wa muke yi wa waƙar. Da na ce mata ba waƙa a ciki, kiɗa ne zalla, sai ta ce to ai da sauƙi, tunda ba na roƙon kowa. Amma na ga ba ta gane amfanin abin ba, ni ma a lokacin ba zan iya faɗa mata ba.

Na huɗunmu a kan hanyar Yako, cikin ƙasar Kiru, na samo shi. Tayar kekena ta yi faci, ina tura shi cikin rana, sai na ji sarewa daga wajen wata fadama. Na jingina keken na bi sautin. Wani Bafillatani ne, magidanci, zaune a gindin marke, shanunsa suna kiwo a gabansa. Sarewar kara ce, ta yi baƙi don daɗewa a hannu. Muka gaisa, na ce ya ci gaba, ya yi dariya ya ce ai ba don mutane yake yi ba. Na yi masa bayanin sito da abin da muke yi, ya saurare ni da ladabi, ya ce Allah ya taimaka, shi shanu ba sa barinsa. Na tafi ina jin haushi.

Sai ga shi wata ran kasuwa a rumfar taubashina, ya zo sayen batirin tocila. Na gane shi, na roƙe shi ya busa ko kaɗan. Taubashina ya danna rikoda ba tare da ya sani ba. Da ya gama aka mayar masa da abin da ya busa. Bai taɓa jin kansa daga waje ba. Ya tsuguna a gaban rikodar, ya kasa kunne, ya ce a sake. Da aka sake ya ce, "Ashe haka take fita." Daga nan ya riƙa bar wa ƙannensa shanun duk ran kasuwa, ya biyo mu sito.

Shi da Sajan ba su taɓa daidaitawa a baki ba. Sajan yana ƙirga bugu, shi kuwa mai sarewa ba ya ƙirga komai, yana shiga sanda ransa ya ba shi, ya fita sanda numfashinsa ya ƙare. Amma in suka haɗu a tsakiya, kilanet a ƙasa, sarewa a sama, fiyanon tana riƙe da su kamar shimfiɗa, ni kuma in shigo da jitar da ƙarfi in yayyaga komai, sai tsigar jikina ta tashi. Taubashina ya ƙaro nasa: ya ɗaura makirfo a cikin tulu, ya kaɗa waya a jikin kwanon rufi, ya riƙa murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha don wannan shuu ɗin ya shiga cikin kiɗan. Ba mu san sunan abin da muke yi ba. Ba na gargajiya ba ne, ba na Indiya ba, ba kuma irin na kaset-kaset ɗin Turawa da nake ji a kwaleji ba, ko da yake daga can na ɗauko haukan jitar.

Tun ba mu yi nisa ba na fara matsa musu mu tafi Kano, mu kai gidan rediyo, mu nemi inda za a ji mu. Sajan ya ce ba mu nuna ba tukuna. Na ce in muka jira sai mun nuna, za mu ruɓe a cikin siton nan. Ya ce da ni, Malam, ka iya shiru tukuna. Na kwana biyu ban je ba, sannan na koma, don ba ni da wani wurin zuwa.

Bayan kaka wani mai sayen masara a Tudun Wada ya aiko a kira mu bikin ɗansa. Direban motarsa ne ya taɓa jin mu ta bangon sito ya kai masa labari cewa akwai masu kiɗan zamani da lantarki a Bebeji. Sajan bai so ba, ni na nace har ya sakar mini. Muka loda kaya a bayan akori-kura, muka isa da azahar. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru, jama'a ta cika, yara sun hau katanga don su ga fiyano.

Muka fara kamar yadda muka saba, a hankali, fiyano ita kaɗai, sannan kilanet. Mutane suka yi shiru suna jiran a fara. Sarewa ta shigo, suna dai jira. Na ga wasu suna duban bayanmu, ko mawaƙin bai iso ba. Can wani mutum mai babbar riga ya zagayo ya sunkuya a kunnena ya ce, "Alhaji yana jira ya ji sunansa." Na ce masa mu ba ma waƙa. Ya dube ni kamar na ce masa mun kawo tuwo ba hatsi. Ya koma, na hango shi yana yi wa mai gidan raɗa.

Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni, sai na huce a kan jitar. Na shiga tun lokacina bai yi ba, na buga ta da duk ƙarfina. Wata tsohuwa ta toshe kunne. Ana cikin haka batirin ya fara sanyi, fiyanon ta shiga kukan nan nata, yara suka fashe da dariya suna kwaikwayonta. Kafin mu kai ƙarshe wani mai kalangu da yake zaune a gefe tun ɗazu ya miƙe ya saki kiɗa, maroƙinsa ya ɗaga murya ya kama kirarin mai gida tun daga kakanninsa. Nan take wurin ya ɗauka, mata suka yi guɗa. Mu muka naɗe wayoyinmu. An ba mu abinci mai kyau, an yi mana godiya, ba wanda ya wulaƙanta mu. Da an zage mu ma da na fi jin sauƙi.

A hanyar dawowa muka zauna a kan buhunan masara. Na jira Sajan ya ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba. Abin da ya ce kawai shi ne mai kalangun nan hannunsa yana da kyau.

Ba a daɗe ba rani ya kama, fadamun Kiru suka bushe, mai sarewa ya ɗaga da shanunsa zuwa kudu wajen Doguwa, inda ciyawa take daɗewa. Bai yi mana sallama ba, ba don wani abu ba, haka tafiyarsu take. Muka koma mu uku, kiɗan ya zama kamar ɗaki ba taga. Na rasa inda zan sa kaina. A aji ina rubutu a allo ina jin inda sarewar ya kamata ta shigo. Da aka ba da hutu ban yi shawara da kowa ba, na ari rikodar taubashina da sababbin batura, na hau mota zuwa Doguwa.

Ban san inda yake ba. Na yi ta tambaya a kasuwa wurin masu tallar nono, wannan ta tura ni wurin waccan. Wani mai babur ya kai ni iyakar inda hanya ta tsaya, na ƙarasa da ƙafa ta cikin duwatsu. Ƙasar can ba irin tamu ba ce, tudu da kwari ne da itatuwa masu duhu, iskar ma da sanyinta. Na same su washegari da hantsi a gefen wani rafi. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya tambaye ni ko lafiya, ko wani ne ya rasu. Na ce sarewa na biyo. Ya yi dariya har ya dafa sandarsa, ya ce wa matarsa ta dama wa Malam fura.

Na so ya busa a wuri mai shiru, amma babu wuri mai shiru a ruga. Shanu suna kuka, maruƙa suna amsawa, ana daka a bayan bukka, iska tana kaɗa makirfo. Na yi ta tsayar da shi ina sakewa, har ya ce mini, Malam, in ka jira su yi shiru sai dai ka kwana nan har damina. Sai na bar rikodar tana juyawa, na zauna a kan dutse. Ya busa mai tsawo, ya huta, ya yi wa wata saniya tsawa da Fulatanci, ya ci gaba. Ban tsayar da shi ba har kaset ɗin ya ƙare.

Da na dawo, taubashina ya saurara sau ɗaya ya ce kada a goge komai, har dakan da tsawar. Ya haɗa rikodar da lasifika, ya ce mu bi ta. Sajan ya ƙi. Ya ce shi ya yi aiki da mutane iri-iri, amma bai taɓa busa da wanda ba ya jin sa ba. Kaset ba ya jira, ba ya ba ka hanya. Ya zauna a bakin ƙofar siton ya bar mu muna ta fama. Sai da muka kwana biyu a haka, rannan muna tsakiya na ji kilanet ta shigo daga bayana, daidai inda mai sarewa ya tsaya shan iska. Ashe duk zaman da yake yi haddace numfashin mutumin yake yi. Ni ma dole ta sa na koyi jira, don kaset ba ya duban fuskata balle ya tausaya mini. Muka ari wata rikodar muka ɗauki duka a sabon kaset. Sajan ya saurara har ƙarshe, ya ce to, yanzu in ina son Kano in tafi.

Na tafi ni kaɗai. A gidan rediyon na yi zaman jira a benci har wani ma'aikaci ya tausaya mini ya shigar da ni ofishinsa. Ya sa kaset ɗin, ya ji kaɗan, ya tura gaba, ya sake ji. Ya tambaye ni a wane shiri nake ganin za a sa wannan, don ba zai shiga filin gargajiya ba, masu zaɓen waƙoƙi kuma ba za su zaɓi abin da ba baiti ba. Ya ce in bar kaset ɗin dai. Na fito na yi ta yawo a cikin birni har yamma, ba na son komawa gida, ba na kuma son zama.

Damina ta sauka, kowa ya koma gona, zuwa sito ya ja baya. Wata safiyar Juma'a da ba makaranta, ina rumfar taubashina, Sajan ma ya zo karɓar tocilarsa, rediyo tana yi a kan tebur. Aka shiga shirin manoma. Kafin mai gabatarwa ya yi sallama sai muka ji saniya ta yi kuka, sarewa ta biyo baya. Taubashina ya saki abin da yake hannunsa ya ƙure murya. Namu ne. Aka bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan aka rage shi, wani ya hau bayani a kan lokacin zuba taki da tazarar shuka masara, kiɗanmu yana can ƙasa yana bin sa. Mai shayin da yake kusa da mu ya leƙo ya ce yau kuma har da shanu a rediyo.

Sajan ya tsaya da tocila a hannu har aka gama. Ya ce sun rage muryar daidai inda ya shigo, amma ba laifi, mai maganar ma ya san abin da yake faɗa a kan taki. Sannan ya tambaya ko za a haɗu ran Asabar. Na ce masa za a haɗu, amma in Allah ya kai mu bayan damina zan tafi Zariya ƙarin karatu, na riga na nema an kuma ba ni. Taubashina ya ce dama ya sani, ƙafata ta daɗe tana faɗa masa. Sajan ya ce Allah ya sa alheri, ya ce in zo da wuri ran Asabar ɗin, akwai wani wuri a tsakiya da har yanzu nake shigowa kafin lokaci. Ya ɗaura tocilar a bayan keke ya kama hanyar Ƙofa, don yana da noman da bai gama ba.